Kalmar da Malam Ya Ce Na Sani

Kwana uku kafin rasuwar Malam, muna asibiti, ya farka daga barcin rana ya ce in matso. Na matso. Ya ce akwai abin da ya rubuta min a cikin kwamfutarsa, a akwatin nan da yake kullewa, in buɗe in karanta bayan ya tafi. Na ce ya bar irin wannan maganar. Ya ce to ya bari, amma dai in buɗe. Na ce da me zan buɗe, tunda da kalmar sirri yake rufewa? Ya dube ni irin duban da yake yi wa ɗalibin da ya tambayi abin da ke rubuce a allo.

"Kin san ta mana," ya ce.

Sai ma'aikaciyar jinya ta shigo auna jininsa, maganar ta wuce. Ban sake tayar da ita ba, don gani nake idan na tambaya kamar na yarda ke nan zai tafi. Ranar Laraba da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

Shekara talatin da huɗu muna tare. Na san yawan gishirin da yake so a miya, na san tarinsa tun daga bakin layi, amma kalmar nan ban san ta ba. Wannan ya tsaya min a rai kusan kamar rashin nasa. Mutum ya ce kin sani, ya tafi da tabbacin kin sani, ke kuwa ba ki sani ba.

Malam malamin Hausa ne, a sakandare ya koyar har ya yi ritaya. Duk Tudun Wada an san shi da abu ɗaya, wato lanƙwasa. Haruffan nan namu masu lanƙwasa a ka, ƙ da ɗ da ɓ, su ne rigimarsa da duniya. Akwai alƙalami mai kaurin baki da ba ya rabuwa da aljihunsa. Idan ya ga tela ya rubuta "dinki" a allon shagonsa, sai ya tsaya ya yi sallama, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya nemi izinin taɓa allon. Wasu su bar shi, wasu su ce Malam ai kowa ya gane. Ya ce kowa ya gane, amma harafin bai ji daɗi ba. An taɓa gayyatarmu walimar aure a Hanwa, aka rataya ƙyalle a ƙofa an rubuta "Muna maraba da manyan baki." Malam ya karanta, ya juyo ya ce min wannan kam ba zai gyara ba, gaskiya suka faɗa, ci aka zo yi.

Ni kuwa aji shida na yi na firamare, sai Islamiyya. Rubutun da nake yi yanzu rabinsa a hannunsa na koya, da jan biro.

Kwamfutar tsohuwa ce, mai nauyi, irin wadda ake naɗewa. Akwatin da yake kullewa ba na katako ba ne, wani wuri ne a cikinta. Lokacin yana aiki an taɓa fitar da tambayoyin jarrabawarsa kafin ranar, abin ya ɓata masa rai ƙwarai, shi ne wani abokin aikinsa ya saka masa wata manhaja. Ita wannan manhajar dagula rubutu take yi, duk abin da ka zuba a ciki ya koma shirme, sai an ba ta kalmar sirri ta mayar da shi daidai. Bayan ritaya bai daina ba. Kullum bayan La'asar zai zauna a kan tabarma ya yi ta danna maɓallai da yatsa biyu, idan na kawo masa kunu sai ya karkatar da fuskar kwamfutar gefe. Ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka jarrabawa yake shirya wa ɗaliban da babu su.

Bayan sadakar bakwai, da jama'a suka ragu, na faɗa wa 'yata ta fari maganar. Ita ma'aikaciyar jinya ce, tana aure a Gyallesu. Ta ɗauko kwamfutar ta kunna, ta taɓa akwatin. Wani ɗan fili ya fito yana jiran kalma, a ƙasansa kuma rubutun Turanci ja. Ta karanta, na tambaye ta.

"Me ya ce?"

"Umma, wai dama goma ce. Idan aka yi kuskure sau goma, duk abin da ke ciki zai goge."

Na ce to ta rufe, mu yi tunani a hankali. Kuskuren da na yi shi ne a gaban ƙanen Malam muka yi maganar.

Shi Alhaji tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ya yi shekaru a ofishin ajiyar takardu, kuma tun ina amarya muke wasa da shi. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya a kan komai na jana'iza. Sai dai bai taɓa ganin abin da bai iya ba. Ya naɗe hannun riga ya jawo kwamfutar.

"Matar Yaya, kwantar da hankalinki. Ciki ɗaya muka fito da shi. Abin da ke kansa yana kaina."

Kafin in buɗe baki ya rubuta shekarar haihuwar Malam. Ta ƙi. Ya ce ai dama shekarar takarda ce, ba ta gaskiya ba, an rage masa biyu lokacin shiga makaranta. Ya rubuta ta gaskiyar. Ta ƙi. Ya dafa haɓa, ya ce yanzu ya gano, ya rubuta lambar tsohon babur ɗin Malam da aka sayar tun 'yata tana goye.

"Baffa, saura bakwai," in ji 'yata.

"Injin ne ya tsufa," ya ce, ya tura ta gefe kamar kwanon da ya gama da shi.

Ina cikin takaba, ba fita nake yi ba. Na ɗora kwamfutar a kan kabad na rufe ta da ɗankwali. Amma Alhaji ya riga ya baza labarin a majalisar ƙofar gida, don haka duk wanda ya zo gaisuwa, bayan "ya haƙuri" sai ya ɗora da shawara. Wata ta ce sunan mahaifiyarsa ne. Wata ta ce maza sunan ƙungiyar ƙwallo suke sawa, na ce Malam bai san ko ƙwallo zagaye take ba. Yayata ta ce in yi istihara. Wannan kam na yi, na kwana ina mafarkin ina tankaɗe gari.

Amininsa na masallaci, wani dattijo mai sayar da littattafan addini, ya aiko cewa a fito masa da ita zaure. Shekara arba'in suna sahu ɗaya, ba zan iya hana shi ba. 'Yata ta kai masa, ni ina bayan labule ina ji. Ya ce mutum irin marigayi ba zai fara komai ba sai da sunan Allah, a rubuta Bismillah. Aka rubuta, ta ƙi. Ya ce a faɗa masa yadda aka rubuta. Ya ce wa 'yata ai ba ta cika ba, Bismillahi ne, da wasali a ƙarshe, marigayi ba ya yanke kalma. Aka ƙara wasalin. Ta ƙi. Dattijon ya ce shi fa tun farko bai yarda da injin da ba ya buɗewa da sunan Allah ba. Ya yi wa Malam addu'a mai tsawo, ya tafi. Saura biyar.

Biyu 'yata ce ta ci su, ita kaɗai a ɗaki, ina wanka. Da na fito na tarar da ita ta haɗa kai da gwiwa. Ta ce ta saka sunana, ta ƙi. Sai ta ce tunda ni aka rubuta wa, bari ta gwada ƙauna. Ita ma ta ƙi. Ban yi mata faɗa ba. Ni ma da na iya, sunana zan fara sawa, kuma ban ji daɗin jin cewa ba shi ba ne.

Ɗana da ke aiki a Legas ya bugo waya ya ce kada a wahalar da kai, tsofaffi duka ɗaya biyu uku huɗu biyar shida suke sawa. Na ce ubanka ba tsofaffi duka ba ne. Ya nace, ya ce shi aikinsa ke nan a ofis, kullum yana gani. Yayarsa ta danna masa don a zauna lafiya. Da ta faɗa masa sakamako ya ce layin ba kyau, zai sake kira. Saura biyu.

Ta taran ni ce. Ban taɓa faɗa wa Alhaji ba, zai ji a nan idan an karanta masa. Wata safiya na ga maɓallan sun yi maiƙo, na ce bari in goge, Malam ba ya son ƙazanta. Ashe 'yata ba ta kashe ta ba, barci kawai take yi. Na bi layin maɓallan da tsumma daga hagu zuwa dama, na dire a kan babban nan na gefe. Fuskar ta kawo haske, jan rubutun ya fito. Ba na jin Turanci, amma na san lamba ɗaya idan na gan ta.

Na zauna a bakin gado da tsumman a hannu. A ranar na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Alhaji ya ce a ba shi ya kai wa masu gyara. Na ce kwamfutar nan ba za ta tsallake zaure ba. 'Yata ta ce ta san wata mata mai shagon gyaran kwamfuta da waya a bakin titi, ita take yi musu gyara a wurin aiki, za ta roƙe ta ta zo gida.

Ta zo ranar Asabar da hantsi. Madam ake ce mata. 'Yar ƙabilar Ibo ce, amma a Sabon Gari aka haife ta, Hausarta ba ta da maraba da tamu. Mace ce mai jiki, ta kusa sa'ata, da tabarau rataye a wuya. Ta cire takalmi a ƙofa, ta durƙusa ta yi min gaisuwa yadda ake yi. Sannan ta ga hoton Malam a bango.

"Wayyo! Baban nan ne? Hajiya, ai na san shi. Shi ya gyara min allon shago. Na rubuta muna gyaran wayar da ta faɗi, ya ce d ɗina ba shi da hula. Sai da ya sa aka kawo masa benci ya hau."

Na yi dariya, ta farko tun rasuwar. Alhaji yana zaune a kujera daga bakin ƙofa, ya zo sa ido, ya ce wai kada a cuce mu.

Madam ta saka tabarau ta duba manhajar, ta taɓa nan ta taɓa can, ba ta kusanci filin kalmar ba. Na tambaye ta ko za a iya kwafe abin a ajiye gefe kafin a gwada. Ta ce manhajar ba ta bari, sai dai a kwance injin a kai cikinsa Kaduna, kuma ko can ba ta ɗauki alkawari ba. Ta sake dubawa, sai ta yi wani ɗan tsaki mai kama da dariya.

"Wannan tsohuwar ce. Baba bai taɓa sabunta ta ba?"

'Yata ta ce duk lokacin da ta nemi a sabunta ta, Baba cewa yake yi shi bai ga tsufanta ba.

"To ina da labari," in ji Madam. "Ban sani ba ko mai daɗi ne."

Ta gyara zama ta yi mana bayani, a hankali, don ta ga ni ce mai buƙatar ganewa. Ta ce waɗanda suka ƙera wannan manhajar haruffan Turanci kawai suka koya mata. Idan tana karanta kalmar sirri ta ci karo da harafin da ba ta sani ba, sai ta ɗauka kalmar ta ƙare a nan, duk abin da ya biyo baya ba ta ganinsa. Kuma ba za ta faɗa maka ba. Za ta karɓa ta ce an kulle, kai kana murna. Ta ce ita ta gano haka ne a kan sakataren cocinsu, don su ma a yarensu akwai wasula masu ɗigo a ƙasa. Mutumin ya saka kalma mai tsawon gaske da irin wannan wasalin a farko, yana alfahari da ita, rannan matarsa ta jingina gwiwar hannu a kan babban maɓalli, komai ya buɗe. Daga baya masu manhajar sun gyara a sabuwar, amma wanda bai sabunta ba yana nan da tsohon ciwon.

"Saboda haka, Hajiya, abu uku ne. In kalmar Baba da harafi mai lanƙwasa ta fara, to babu kalma sam, ƙofa a sake take. In lanƙwasar a tsakiya take, guntun farko ne kalmar, sai mun san shi. In kuma ba lanƙwasa ko ɗaya, ni ba abin da zan iya."

"Ban gane ba," in ji Alhaji. "Wai a danna ba a rubuta komai ba?"

"Ko a rubuta kowace kalma mai farawa da irin harafin. Duk ɗaya ne a wurinta."

'Yata ta ɗago kai. "A'a, Madam. Na gwada ƙauna, ba ta buɗe ba."

"Da wane k kika rubuta?"

'Yata ta dubi maɓallan. Madam ta nuna wasu 'yan takardu ƙanana da Malam ya liƙa a kan maɓallai uku, ya zana ƙ da ɗ da ɓ da hannunsa. Duk wanda ya taɓa kwamfutar nan ya gan su, ba wanda ya kula.

"'Yar malamin Hausa!" in ji Alhaji, yana tafa hannu. "'Yar fari! Yaya yana kwance yana cin ki gyara!"

"Baffa, kai da ka saka lambar babur?"

"Lamba ba ta da lanƙwasa, ni ban yi kuskuren rubutu ba."

Ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa, ban san ko dariya take yi ko kuka ba. Ina jin ita ma ba ta sani ba.

Madam ta bari suka lafa, sannan ta juyo gare ni. Ta ce ita ba za ta danna ba, dama ɗaya ce ta rage, kuma ba ita aka bar wa saƙon ba. Ta ce ba sai na san kalmar ba, harafin farko kawai ake nema. Alhaji ya fara lissafo kalmomin da Yaya ke so, ya ce karatu, ya ce tarbiyya, ya ce haƙuri, ga lanƙwasa nan a tsakiya, ƙila a rubuta "ha" kawai. Da ya faɗi haƙuri sai da gabana ya faɗi, don kalma ce da Malam ke yawan faɗa, kuma ana iya cewa na san ta. Ashe har yanzu ana iya yin asara.

Na ce su ba ni minti biyu. Na rufe ido na koma asibiti, na sake kallon fuskarsa lokacin da ya ce kin san ta mana. Duk kwanakin nan idanunsa nake tunawa. Ranar sai na tuna bakinsa. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, irin motsin da yake yi idan yana danne dariya. Mutum ba ya danne dariya a kan haƙuri.

Abu ɗaya na sani da ke sa bakinsa yin haka. Ina amarya, wata na biyu, zai tafi kasuwa ya ce in rubuta masa cefane, yana so ya ga rubutuna. Na zauna na rubuta da kyau: tattasai, albasa, daddawa, sai ƙashin miya. Sai dai ban san ana lanƙwasa wa k kai ba. Ya dawo da kaya a leda, ya ajiye, fuskarsa ba alamar wasa. Ya ce ya samo komai sai abu na ƙarshe. Ya ce ya zagaya kasuwar Tudun Wada kaf, mahauta sun ce ba sa sayarwa, amma in ana so da gaggawa akwai bayan masallaci kyauta. Na karɓi takardar na duba, ban ga laifinta ba, sai da ya ɗauko biro ya nuna min. Na shige ɗaki na ƙi fitowa har Magariba. Tun daga ranar, idan muna cikin mutane aka kawo miya da ƙashi, sai ya dube ni ya ce, "Wannan mai lanƙwasa ne ko?" Ba wanda ya taɓa gane abin da yake nufi. Ko yaranmu ba su sani ba.

Na buɗe ido na ce da lanƙwasa ta fara.

"Kin tabbata, matar Yaya?"

"Ban tabbata ba. Amma shi ne."

Madam ta ce to in danna babban maɓallin kawai, ba sai na rubuta komai ba. Na ce a'a, ina so in rubuta kalmata. Ta ce Hajiya duk ɗaya ne fa. Na ce na ji, a wurin injin ne duk ɗaya.

"Wace kalma ce?" in ji Alhaji, ya miƙo wuya.

"Ba ta ƙanen miji ba ce."

Madam ta nuna min yadda ake riƙe wani maɓalli a danna mai takardar don lanƙwasar ta fito. Na yi Bismillah. Da yatsa ɗaya na rubuta, ina neman kowane harafi kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. A fili ɗigo-ɗigo kawai ke fitowa, guda biyar. Alhaji ya ƙirga su da baki ya ce haƙuri shida ne, shi dai ya faɗa. Na danna.

Kwamfutar ta yi shiru, wani ɗan abu yana juyawa a tsakiya. Sai jan rubutun ya ɓace, jerin takardu ya sauko.

'Yata ta rungume Madam. Alhaji ya yi kabbara har sau uku, sannan da ya dawo hayyacinsa sai ransa ya ɓaci a madadin ɗan'uwansa.

"Yanzu duk shekarun nan Yaya yana kulle ƙofar da ba ta da sakata? Kowa ya zo ya shiga?"

"Kowa," in ji Madam. "Ɓarawo ma in ya rubuta ɓarawo daidai, ta buɗe masa."

"To ai shi ke nan," in ji 'yata tana share ido. "A garin nan wa zai rubuta daidai? Baba ya fi kowa tsaro."

Na tambayi Madam ko akwai yadda za a yi a ga ainihin kalmar da ya saka. Ta ce babu. Injin bai taɓa riƙe ta ba, tun ranar farko ya zubar. Ta ce in ɗauka tawa ce. Na ce to. Har yau wani lokaci ina wanke-wanke sai wata kalmar ta faɗo min, ɗaki, ko ɓawo, ko ƙofa, in ce ko ita ce. Amma ba na daɗewa a kai.

Madam ta kwafe komai ta saka min a waya, ta ƙara girman rubutun. Ta ƙi karɓar ko sisi, ta ce Baba ya riga ya biya da hawan benci. Yawancin takardun tsofaffin tambayoyin jarrabawa ne. Guda ɗaya ce a ƙasa ya sa wa suna "Na uwar gida". Alhaji ya gyara tabarau zai matso, 'yata ta ce Baffa zo ka raka Madam ta samu Keke. Suka fita suka ja min ƙofa.

Na ɗauka wasiyya ce, ko ban haƙuri, ko irin maganganun da bai iya faɗa da baki ba. Ashe ƙamus ne. A sama ya rubuta cewa wannan Hausar mutum ɗaya ce, ya tattara ta daga bakin mai ita ba tare da saninta ba, kuma duk kuskuren fassara nasa ne. Sai kalmomi a jere, kowace da bayaninta.

"To. Tana da guda bakwai. Gajeren yana nufin ta yarda. Mai tsawon yana nufin za a gani. Wanda take yi tana juya baya, gara mutum ya fasa abin da ya yi niyya."

"Ba komai. Akwai komai."

"Yanzu-yanzu. Tsakanin rabin awa da gobe."

"Ka ci abinci? Ba tambaya ba ce. Ma'anarsa faɗan ya ƙare, kuma ba za a sake tayar da shi ba."

"Wancan mutumin. Ƙanena, idan ya wuce Isha'i bai tafi gida ba."

Shafi sittin da wani abu. Akwai maganganun da ni kaina ban san ina yi ba, akwai na mahaifiyata da na ɗauka sun tafi tare da ita, ashe suna bakina yana kwashewa. Wasu ya fassara daidai. Wasu ya kuskure, kuma na so a ce yana nan in ci shi gyara ko sau ɗaya. Na yi ta karantawa ina dariya ni kaɗai, har 'yata ta leƙo ta ga lafiya, ta koma.

Bai jera su bisa haruffa ba, yadda suka zo masa ya zuba su. Ta ƙarshe gajeriya ce.

"A dawo lafiya. Tana faɗa daga madafa, ba ta ɗagowa, wani lokaci da ludayi a hannu. Ba ta san ina tsayawa a zaure sai na ji ta ba. Rannan ta manta, na yi kamar na bar hulata, na koma."

Ranar da za mu tafi asibiti ban faɗa ba, don tare muka fita. Na ajiye wayar a kan gado, na zauna har aka kira La'asar, sannan na tashi na yi alwala.